Gas Ɗin Firji Ba Duka Ne Ɗaya Ba

Jama'a, duk wanda ke sayar da ƙanƙara ko nama a Agege ko Sabon Ibadan ya san maganar masu gyara: "Gas ya ƙare, sai a sa wani." Amma mu kan manta mu tambaya, wane irin gas?

Aikin firji ya dogara ga wani ruwa mai tafasa cikin tsananin sanyi. R-134a, alal misali, yana tafasa a digiri 26 ƙasa da sifiri. Yana tafasa yana zuƙe zafin kayan da ke ciki, kana kwampireso ya matse shi ya koma ruwa, ya zubar da zafin ta bayan firjin. To, kowane iri da nasa ƙarfin matsi da kuma man da ya ke tafiya da shi. Man da ya dace da tsohon R-12 bai dace da R-134a ba. Wanda ya gauraya su, kwampireso ne zai biya, daga nan kuma aljihun mai firji.

Sinadarin fulorin shi ya sa aka so waɗannan iskoki tun wajen 1930, domin ba sa kama wuta, ba sa ruɓewa. Wannan taurin kai nasu kuwa shi ne ya zama illa. A 1974 Molina da Rowland suka nuna cewa R-12 na hawa sama, kulorin da ke cikinsa yana cinye iskar ozon mai kare mu daga kaifin rana. Aka ƙulla yarjejeniyar Montreal a 1987 aka kore shi. Magajinsa R-134a bai taɓa ozon ba, amma kilo ɗaya nasa na riƙe zafi kamar kilo 1,430 na iskar kabon, shi ya sa a Kigali, a 2016, aka amince a rage shi shi ma.

Inda na ke jin tsoro shi ne nan. Sababbin firji da yawa suna aiki da R-600a, wanda babu fulorin cikinsa, kuma ɗan'uwan gas ɗin girki ne, watau yana cin wuta. An ƙera su ne don ɗan kaɗan, da makunnai a rufe. Mai gyara ya ɗura shi cikin tsohon firji ɗan gwanjo, ko ya kawo wutar walda kusa da bututun da bai zazzage ba, lalle yana wasa da ransa da na maƙwabta. Ga kuma jabu. A 2011 kwantenoni masu sanyi sun fashe a Biyetnam da Burazil, mutum 3 suka rasu, saboda an cika su da gas na ƙarya wanda ya ci alminiyon kwampireso.

Ra'ayina, tilas ne Gwamnatin Tarayya ta sa na'urar gwada gas a hannun jami'an tashar Apapa, a riƙa gwada abin da ke cikin tukunya, ba karanta rubutun jikinta kurum ba. Ƙasar Gana ta hana shigo da tsofaffin firji tun 2013. Wannan ya yi wa talaka tsauri, ban nemi haka ba. Abin da na ke nema shi ne a horar da masu gyara, da Hausa da Yarabanci da Ibo, a ba su takardar shaida.

Kafin nan, kai mai firji, leƙa jikin kwampireso. Akwai 'yar takarda mai lambar gas ɗinsa. Sa mai gyara ya nuna maka tukunyarsa ka gwama lambobin biyu kafin ya ɗaura tiyo.