Kada Rowar Data Ta Jawo Mana Asarar Jari

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in jawo hankalin 'yan'uwana manoma da ƙananan 'yan kasuwa a kan wani sakaci da muke yi da wayoyinmu.

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, da yawanmu mun koma karɓar kuɗin masara da wake ta waya. Ke nan yanzu jarin mutum yana cikin wayarsa. To amma da zarar wayar ta ce a sabunta Chrome ko Opera, wato manhajar da muke shiga intanet da ita, sai mu ce data ta yi tsada, mu danne. Ni kaina na fi wata takwas ina haka, har sai da ɗana da ke makarantar sakandare ya zaunar da ni ya fahimtar da ni.

Ashe ita manhaja kamar rumbu take, takan tsage. Wani lokaci ɓarayi kan riga kamfani gano tsagar, su riƙa shiga tun kafin a yaɓe. Sabuntawar nan da muke gudu ita ce yaɓen. Hausawa kuwa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga misali. A watan Satumba na 2023 an gano wata kafa a cikin nau'in hoton da ake kira WebP, wadda ta shafi Chrome da Firefox da Edge, kuma an tabbatar ana amfani da ita wajen kutse. Hoto kawai manhajar za ta buɗe, a samu hanyar shiga. A watan Mayun 2024 kaɗai, sau huɗu kamfanin Google ya toshe irin waɗannan kafofi a Chrome. Haka kuma a watan Maris na 2025 kamfanin Kaspersky ya bankaɗo wani hari da aka kai wa kwamfutocin 'yan jarida da cibiyoyin ilimi a Rasha, inda latsa adireshin da aka turo a wasiƙa kawai ya isa a shiga.

Na san wani zai ce, ai manya ake nema, ni me nake da shi? Gaskiya ne da su ake farawa. Sai dai da zarar kamfani ya sanar da gyara, ƙananan ɓarayi ma sun san inda tsagar take, sai su bi waɗanda ba su yaɓe ba. Wanda kuwa aka kwashe wa kuɗin buhu biyar na taki, daminarsa ta tafi.

Saboda haka ga shawarata. Da farko, duk ranar kasuwa mutum ya shiga Play Store ya duba, in akwai sabuntawa ya yi, in bai iya ba ya sa yaro ya yi masa a gabansa. Na biyu, mu daina karɓar manhajar shiga intanet ta Xender ko a wurin masu tura finafinai, don sau da yawa tsohuwa ce, kuma ba mu san hannun da ta bi ba. Na uku, kada mu latsa duk adireshin da aka turo ta WhatsApp wai ana rabon tallafi ko bashin noma. Na huɗu, masu tsofaffin wayoyi su sani, tun 2025 Google ya daina sabunta Chrome a Android 8 da 9, don haka irin wannan waya ba ta dace da harkar banki ba.

Daga ƙarshe ina kira ga kamfanonin waya da su ji tausayin talaka, su yafe kuɗin datar sabuntawa, musamman ganin ƙarin kashi 50 cikin ɗari da aka amince musu a 2025. Gidajen rediyo kuma su riƙa sanar da mu da Hausa duk lokacin da aka gano sabuwar kafa, kamar yadda suke sanar da ɓullar fari. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, amin.

Naka mai karatu kullum,
Wani manomi kuma ɗan tireda,
Ƙaramar Hukumar Giwa, Jihar Kaduna.