SANI GA MANOMI: Tana da danginta na ƙarƙashin teku

Kowace shekara idan aikin garka ya kankama a fadamun Dawce da sauran ƙasar Matameye, akan ji kuka iri ɗaya. Tumatir ya yi yaushi, kuɓewa ta tsaya, ga ruwa ga taki amma shuka ba ta gaba. Mai garka ya tona fangali, ya tarar da tana cikin damshi, sai ya ce ya kama ɓarawo. Daga nan sai a nemo magani a barbaɗa. Tana ta mutu, kuɗi sun tafi, cuta kuwa tana nan. Kama da wane ba wane ba ne. Kafin a yanke wa tsutsa hukunci, ya kamata a san zuri'arta.

Masu zobe a jiki

Wanda ya ɗauki tana ya duba zai ga jikinta gaɓa-gaɓa ne, kamar an jera zobba. Idan ya shafa cikinta daga wutsiya zuwa kai, zai ji ɗan kaushi. Wasu 'yan gajerun gasu ne masu tauri, yawanci 8 a kowace gaɓa, da su take kama ƙasa in tana tafiya. Waɗannan alamu biyu, zobba da gashi, su ne shaidar zuri'arta. Wani masani na Faransa, Lamark, shi ya raɗa wa zuri'ar suna anelida, wato masu zobe. A 1850 kuma wani Bajamushe, Grube, ya raba masu gashi da yawa da masu gashi kaɗan. Tana tana cikin masu gashi kaɗan. Masu gashi da yawa kusan duka a teku suke, kuma an san fiye da iri 10,000.

Dangin da ke cikin ruwan sanyi

Can arewacin duniya, tsakanin ƙasar Norwe da tsibiran Aisilan da Girinlan, akwai teku mai zurfin da ya wuce mita 3,000 a wasu wurare. Rana ba ta kai wa ƙasansa. Sanyin ruwan ya kai na ƙanƙara, gishirin da ke ciki ne ya hana shi daskarewa. A 1843 wani masani na Birtaniya, Edward Forbes, ya ce babu mai rai a ƙasa da mita 550. Sai Mikayel Sars, mutumin Norwe, da ɗansa suka dinga jan raga mai bakin ƙarfe a ƙasan teku, wajen tsibiran Lofoten da wasu wurare. Kafin rasuwar uban a 1869 sun fito da ɗaruruwan irin halittu daga zurfi, da tsutsotsi masu gashi a cikinsu. A 1867 Malmgren, mutumin Finlan, ya jera irin da aka samu a tekunan arewa, ya ba da yawa suna.

Ga yadda jikinsu yake. A kowace gaɓa akwai ɗan fiffike na nama hagu da dama, a bakinsa kuma tuntun gashi. Da shi suke iyo, ko rarrafe, ko tono. A ka akwai 'yan zarurruka na lalube. Wasu na da muƙamuƙi mai ƙarfi a maƙogwaro, su fiddo shi su cafke abinci. Masana sukan dubi siffar gashin da madubin ƙara girma, domin da ita ake rarrabe iri da iri: wani kamar allura, wani kamar ƙugiya, wani kamar mataji.

An kasa su gida biyu manya. Akwai masu yawo, masu farauta da kalen mushe, wasunsu da ɓawo a baya kamar na kifi. Akwai kuma masu zama wuri ɗaya, a rami ko cikin bututun da suka gina da laka. Wani iri cikin waɗannan gaɓoɓinsa dogaye ne kamar karan dawa. Yana zaune kai a ƙasa, yana haɗiyar laka, yana fitar da ita sama. Haka ƙasan teku ke samun juyi da iska. Kifaye kuma suna cin su, har da irin da ake busarwa a Norwe a kai kasuwannin Najeriya.

A 2011 wasu masana sun gwada ƙwayoyin gado na zuri'ar. Suka tarar cewa tana da matsattsaku reshe ne na gidan masu zama wuri ɗaya. Ashe aikin da 'yan'uwanta ke yi a laka ta teku shi tana ke yi a fadama.

Aikin tana

Tana ba ta da haƙori. Ba ta cin saiwa mai rai. Abincinta ruɓaɓɓen ganye, da taki, da ƙasa. Ramukanta hanya ce ta ruwa da iska zuwa saiwa, kashin da take tarawa a bakin rami kuwa taki ne da ya riga ya nuna. Darwin na Ingila ya rubuta littafi guda a kan wannan aiki a 1881. Da fata take numfashi, don haka sai wuri mai damshi. Shi ya sa ake ganinta a fadama, ba a cika ganinta a jigawa ba. Kowace tana mace ce kuma namiji, amma sai biyu sun haɗu. Wannan ɗamara mai kauri da ke kusa da kai, ita ce ke yin kwanson ƙwai.

Matsattsaku shi ma ɗan gida ne, amma ba shi da gashi. Yana da abin tsotso a kai da wutsiya, yakan kuma maƙale a baki ko hancin dabba wajen shan ruwa a tabki. Makiyayi ya kula da wannan.

To, wane ne ɓarawon?

A tuge shukar da ta yi yaushi a dubi saiwa. In an ga ta kumbura ƙulu-ƙulu, to sau da yawa aikin wasu tsutsotsi ne ƙanana da ido ba ya gani. Ba su da zobe, ba su da gashi. Zuri'arsu ɗaya da kurkunu, wanda ya daɗe yana kwantar da manoma a Damagaram kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da shi. Kada dai a rikita su da 'yan ƙulun saiwar gyaɗa da wake. Waɗannan masu amfani ne, kuma sukan ɓalle in an murza su da yatsa.

Abin yi shi ne a tuge saiwar da ta kamu a ƙone ta. Kada a maimaita tumatir, kuɓewa ko yalo a fangali ɗaya shekara bayan shekara. A zuba takin da ya ruɓe sosai, a rufe ƙasa da ciyawa ko ganyen gawo, a daina ƙone kara. Magani irin na karbofuran yana kashe tana, kuma guba ne mai tsanani ga mutum da dabba. Wanda bai tabbata da abin da ya sami garkarsa ba, ya ɗauki saiwar da ƙasarta ya kai wa ma'aikatan gidan gona kafin ya kashe ko dala ɗaya.