Ciwon Joy-Con Da Hakkin Mai Saye

Babu mai musun cewa Nintendo Switch, wadda ta fito a 2017, ta ciri tuta. Ana haɗa ta da talabijin, ana kuma ɗaukarta a hannu. Kamfanonin waje da suka guje wa Wii U sun dawo da wasanninsu, har The Witcher 3 ya iso a 2019.

Amma ina amfanin wasa mai kyau in abin sarrafa shi ya bijire? Madannin Joy-Con da ake juyawa da babban yatsa yakan lalace saboda gogayya da ƙura, sai ka ga ɗan wasanka yana tafiya alhali ba ka taɓa komai ba. Shugaban kamfanin, Shuntaro Furukawa, ya nemi gafara a 2020. Sai a 2023, bayan ƙungiyoyin kare masu saye sun kai ƙara Hukumar Tarayyar Turai, kamfanin ya yi alkawarin gyara kyauta ga mutanen Turai ko da garanti ya ƙare.

Wannan alkawari bai haɗa da ɗalibin Zariya da ya tara kuɗin alawus ya saya ba. A ganina rashin adalci ne, domin kamfani ɗaya ne ya yi nasa da na Bature.