Wutar sola a ma'aikatun gwamnati: Wa zai sayi batir na biyu?

Ranar 3 ga watan Afrilun 2024, Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta ƙara kuɗin wuta ga masu amfani da ke rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Daga baya an ɗan sassauta farashin, amma bai sauko ƙasa da naira 200 ba. Manyan asibitocin koyarwa da jami'o'in tarayya da dama suna kan layukan wannan rukuni, saboda haka takardar kuɗin wutarsu ta ninka kusan sau uku cikin wata guda, alhali kuɗin gudanarwar da ake ba su na nan yadda yake.

Abin da ya biyo baya sananne ne. A ƙarshen watan Oktoban 2024 kamfanin rarraba wuta na Ibadan ya yanke wa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan wuta saboda bashi, kuma asibitin ya shafe sama da kwana 100 a haka, har sai da ɗaliban likitanci suka fito zanga-zanga. A cikin wannan watan ne kuma yawancin jihohin Arewa suka kwana fiye da mako guda cikin duhu, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta samu layin Ugwuaji zuwa Apir. Ko Abuja ba ta tsira daga abin kunya ba: a watan Fabrairun 2024 kamfanin AEDC ya wallafa sunayen ma'aikatu da hukumomi 86 da ya ce yana bin su sama da naira biliyan 47, har da Fadar Shugaban Ƙasa a cikin jerin.

Amsar da gwamnati ta zaɓa ita ce hasken rana. Kasafin kuɗin 2025 ya ware naira biliyan 10 domin kafa wutar sola a fadar Aso Rock, sannan ya ware naira biliyan 100 ga shirin sanya sola a gine-ginen gwamnati, wanda Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara, REA, ke jagoranta. Masu suka sun ce fadar ta tsere ne daga layin da ta bar talaka a kai. Suka ce mai ma'ana, amma ba ita ce babbar tambayar da ke gaban ma'aikacin da zai rubuta takardar neman kuɗi ko ya sa hannu a kan takardar kammala aiki ba. Tambayarsa ta fi wannan ƙanƙanta, ta kuma fi ta wahalar amsawa: idan aka ƙaddamar da aiki, aka yanke kyalle, manyan baƙi suka watse, wa zai ɗauki nauyinsa nan da shekara huɗu?

Wannan ba shi ne karon farko da gwamnatin tarayya ta shiga harkar ba. Shirin samar wa manyan makarantu wuta da REA ke gudanarwa an tsara shi ne domin jami'o'in tarayya 37 da asibitocin koyarwa bakwai. A zangonsa na farko, a 2019, aka ƙaddamar da tashar megawat 2.8 a Jami'ar Alex Ekwueme da ke Jihar Ebonyi, da ta megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano, wadda Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya buɗe. Wani ɓangare na kuɗin ya fito ne daga takardun lamuni na kare muhalli da Najeriya ta fara sayarwa a watan Disambar 2017, ita ce kuma ƙasar Afirka ta farko da ta yi hakan. Zango na biyu, da kuɗin Bankin Duniya, ya kai ga Jami'ar Abuja, da Jami'ar Maiduguri haɗe da asibitinta na koyarwa, da Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna, da wasu. Na uku kuma Bankin Raya Ƙasashen Afirka ne ke tallafa masa. A gefe guda akwai shirin DARES na dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2023, mai burin kai wuta ga 'yan Najeriya miliyan 17.5.

Ke nan kuɗin kafawa ba shi ne ya fi ƙaranci ba. Inda gizo ke saƙar shi ne bambancin tsawon ran kayan. Farantin sola mai kyau yakan yi shekara 20 zuwa 25 yana aiki. Inbata, wato na'urar da ke juya wutar zuwa irin wadda kayan ofis ke amfani da ita, da wuya ta wuce rabin wannan. Batir mai ruwa irin na dalma kuwa, idan ana cika shi ana zuƙe shi kullum, shekara biyu zuwa huɗu ne iyakarsa, kuma zafi yana rage masa kwana. Ɗakin batir a Maiduguri ko Sakkwato cikin watan Afrilu ba ɗaya ba ne da ɗakin gwajin da masana'anta ta auna shi. Na litiyam ya fi jurewa nesa ba kusa ba, amma ya fi tsada a ranar saye. Ma'anar wannan ita ce, a tsawon rayuwar faranti guda, dole a sake sayen batir fiye da sau ɗaya, kuma batir yana cikin sassan da suka fi cin kuɗi a duk tsarin.

Yanzu a dubi yadda kasafin kuɗin ma'aikata yake. Sayen faranti da batir na farko yana shiga ƙarƙashin manyan ayyuka, inda ake da kwangila, da ɗan kwangila, da bikin buɗewa. Wanke faranti, ƙara ruwan batir, albashin injiniyan da zai riƙa dubawa, da tanadin kuɗin canji, duk suna faɗawa cikin kuɗin gudanarwa, wanda kowane akanta a sakatariyar tarayya ya san ba ya isa, ba ya kuma zuwa a kan lokaci. Da wannan kuɗin ake sayen takarda da tawadar firinta, a biya masu shara, a zuba mai a mota. A lokacin hunturu ƙura takan lulluɓe faranti cikin 'yan kwanaki ta rage wutar da yake bayarwa. Maganinta ruwa ne da tsumma da mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakin, amma sau da yawa wannan mutum ɗin ne ba a tanada ba. Fitilun kan titi masu amfani da sola da 'yan majalisa suka yi ta rabawa a mazaɓu sun isa misali: sandunan na nan tsaye a garuruwa da ƙauyuka, da yawa daga cikinsu ba su sake haske ba tun da batirinsu na farko ya mutu ko aka sace shi.

Akwai dokar da ya kamata ta toshe wannan giɓi. A watan Afrilun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan umarnin shugaban ƙasa mai lamba 11, wanda ya wajabta wa ma'aikatu da hukumomi kafa sashen kula da gyaran gine-ginen gwamnati. Sai dai kafa sashe abu ɗaya ne, ba shi kuɗi kuma wani abu ne daban. Haka nan Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta ginu ne a kan bai wa wanda ya kawo farashi mafi sauƙi cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Idan takardar neman 'yan kwangila ba ta fayyace irin batir, da yawan zagayen cika da zuƙewar da zai jure, da shekarun garanti ba, mai kawo na dalma mai araha zai kayar da mai kawo na litiyam a kowane lokaci, kuma babu dokar da aka karya. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, a nan kuwa ba ta ko kai wa shekara ta uku.

Fannin lafiya ya riga ya koyi wannan darasi a wani ƙaramin lungu nasa. Firjin ajiye allurar rigakafi masu amfani da sola na farko-farko suna da batir, kuma batirin ne yakan fara mutuwa, firji ya zama akwatin ajiye fayil. Daga baya aka koma wa wani samfuri wanda ba shi da batir sam: da rana yana amfani da wutar faranti kai tsaye ya daskarar da ruwa a jikinsa, ƙanƙarar ce kuma ke riƙe sanyi da dare da ranakun hadari. Irinsa ne Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙawancen Gavi suka fi ƙarfafa wa ƙasashe gwiwa su saya a yanzu. Ba kowane aiki ne zai yiwu a yi masa haka ba. Ɗakin tiyata da ɗakin jarirai bakwaini suna buƙatar wuta da tsakar dare. Amma ofishin da ke buɗewa ƙarfe takwas ya rufe ƙarfe huɗu yana aiki ne daidai lokacin da rana take sama. Irin wannan ofis zai iya rage kuɗin wutarsa sosai da faranti mai yawa da batir kaɗan, ya bar manyan batura ga asibiti da ɗakunan kwanan ɗalibai. Wannan lissafi ne da ya kamata a yi gini bayan gini kafin a fitar da kwangila, ba a yi wa kowa ɗinki ɗaya ba.

Sai maganar inda mataccen batir yake zuwa, wadda ita ce aka fi yin shiru a kanta. Batirin dalma ba ya zama shara, domin dalmar da ke cikinsa kuɗi ce. Daga sito yakan bi ta gwanjo ko ta bayan gida zuwa hannun 'yan jari-bola da kasuwannin panteka, a fasa shi da adda, a zubar da ruwan asid a ƙasa, a tura dalmar zuwa masana'antun narkarwa. Da yawa daga cikin waɗannan masana'antu suna Ogijo, a Jihar Ogun, daf da Legas. A watan Nuwamban 2025 jaridar New York Times da kafar bincike ta The Examination suka wallafa sakamakon gwajin jinin da aka yi wa ma'aikata da mazauna garin, wanda ya nuna dalma mai yawa a jinin mafi yawan waɗanda aka gwada, har da yara. Hukumomi sun rufe wasu daga cikin masana'antun.

Najeriya ba baƙuwar wannan guba ba ce. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, sannan a 2015 ta sake kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Waɗanda suka mutu su ne aka ƙirga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira mara illa, kuma a jikin ƙaramin yaro tana taɓa ƙwaƙwalwa ta hanyar da ba ta gyaruwa: raguwar fahimta, wahalar mayar da hankali, koma-baya a aji. Rahoton UNICEF da ƙungiyar Pure Earth na 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya yana ɗauke da dalma a jini a matakin da ke buƙatar ɗaukar mataki, ya kuma sanya sake sarrafa batura ba bisa ƙa'ida ba cikin manyan dalilai. Zai zama abin takaici a haskaka jami'a da batirin da, bayan ya mutu, zai dusashe basirar yaran da ake sa ran za su shige ta.

A 2024 hukumar NESREA ta fito da ƙa'idojin kula da batura, waɗanda suka ɗora wa masu ƙerawa da masu shigowa da su alhakin karɓar tsofaffi da miƙa su ga masu sake sarrafawa da aka yi wa rajista. Gwamnatin tarayya, wadda ke shirin zama ɗaya daga cikin manyan masu sayen batir a ƙasar, tana da hanya mafi sauƙi ta sa ƙa'idar ta yi aiki: ta rubuta a cikin kowace kwangila cewa wanda ya kawo shi ne zai kwashe, da takardar shaidar inda ya kai. Muddin kwamitin gwanjon kayan da suka tsufa yana lissafa batir tare da karyayyun kujeru da tsofaffin tayoyi, ƙa'idar za ta tsaya a takarda.

Batun hana shigo da faranti daga waje, wanda Ministan Kimiyya da Fasaha na lokacin, Uche Nnaji, ya furta a watan Maris na 2025, bai buƙatar dogon bayani. Cibiyar bincike ta Ember ta ce a cikin wata 12 zuwa Yunin 2025 Najeriya ta shigo da faranti na sama da megawat 1,700 daga China, ta zama ta biyu a Afirka bayan Afirka ta Kudu. Masana'antar NASENI da ke Karshi an kafa ta ne a kan megawat 7.5 a shekara. Ko an haɗa da kamfanoni masu zaman kansu da suka fara harhaɗa faranti a cikin gida, tazarar tana da faɗi, kuma rufe ƙofa kafin a cike ta zai ƙara wa shirin gwamnatin kanta tsada ne kawai.

Hanyar da ta fi kama da mafita ita ce ma'aikata ta daina sayen kaya ta koma sayen wuta: kamfani ya kafa da kuɗinsa, ya kula, ya canja batir, ya kwashe tsoho, gwamnati kuma ta riƙa biyan kuɗin yunit ɗin da ta sha a kan farashin da aka amince na shekara 10 ko 15. A nan matsalar gyara ta koma wuyan wanda ke da riba a cikin ci gaban aikin. Amma tsarin ya dogara ne kacokan a kan abu guda, wato gwamnati ta biya a kan lokaci, kuma jerin sunaye 86 na AEDC yana nan a zukatan masu zuba jari. Ba za su sa kuɗinsu ba sai da tabbacin cewa za a cire kuɗin wuta daga tushe, a Ofishin Akanta Janar, kafin kason ma'aikata ya shiga asusunta. Wannan shawara ce da sai Ma'aikatar Kuɗi da Ofishin Kasafin Kuɗi sun yanke, kuma za ta rage wa manyan sakatarori da shugabannin hukumomi ikon da suke da shi a kan ɗan abin da ke zuwa hannunsu duk wata.