Ki Dakata Kafin Ki Kai Kuɗin Adashi Kasuwar Sola

Makon jiya wata maƙwabciyata a nan Bilbis ta zo mini da murna. Wai ɗanta ya nuna mata a waya irin solar da Turawa ke ratayawa a bakin taga, a cusa igiyarta a soket kamar ta dutsen guga, shi ke nan wuta ta samu. Tana so in ta kwashi adashi ta aika Gusau a nemo mata, ta riƙa sayar da ƙanƙara da zoɓo mai sanyi. Na ce, Yaya, dakata tukuna.

Abin kam akwai shi. A Jamus dokar 2024 ta yarda mutum ya jona mai ƙarfin wat 800, jihar Utah ta Amurka kuma ta yarda da wat 1,200 a 2025. To amma ga inda gizo ke saƙa. An ƙera ta ne ta yi aiki tare da wutar gari. Da an ɗauke wuta, ita ma sai ta mutu nan take, don kada ta kama ma'aikacin da ke gyara a kan falwaya. Can wuta ba ta cika yankewa ba. Mu kuwa fa? Sai ki zuba kuɗinki, rana na ƙwalla, firji na zaune shiru.

Abin da zai yi mana amfani shi ne faranti da batir da inbata, a haɗe. Batirin nan shi ne mai tsadar, shi ne kuma mai rigan mutuwa, nan ne ake cutar mata da kwance ko jabu.

Tun watan Yuni na 2023 da Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar lantarki, kowace jiha tana da ikon tsara nata sha'anin wuta. A 2025 kuma wani minista ya yi zancen hana shigo da farantan sola daga waje. A ganina, kafin a hana, a fara kare mai saye. Wakilanmu na Majalisa a Gusau su tsaya kan cewa duk mai sayar da batir ya ba da takardar garanti, mai haɗawa kuma ya nuna shaidar koyon aiki.

Maƙwabciyar tawa dai ta yarda ta jira kwasa ta biyu. Za ta je kasuwa da ƙanenta, takarda a hannu, an rubuta ƙarfin firjinta.