Kafin a zargi tsuntsu, a dubi mai kejin

Kiwon tsuntsaye ba baƙon abu ba ne a cikin ganuwar Kano. Wanda ya ratsa lungunan Yakasai ko Jakara ko Mandawari da hantsi zai ga tattabaru a kan soraye, ya ji kukan kanari daga zaure, wani gidan ma aku ne zai amsa masa sallama. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen sababbin shiga, samari da matan aure da suka ga tsuntsu a waya ko a gidan maƙwabta ya ba su sha'awa, suka saya ba su ko tambayi abin da yake ci ba. Ba a rufa wata biyu sai ƙorafi ya tashi: ya cika cizo, ya hana gida barci da ihu, yana fige gashin jikinsa, ko tattabarun sun tashi ba su dawo ba. Daga nan sai a ce mugun iri ne, ko baki ne ya kama shi. A ganina akasarin abin da ake kira mugun hali a tsuntsu saƙo ne cewa an tauye masa wani haƙƙi, kuma laifin bai tsaya kan wanda ya saya ba, ya haɗa da wanda ya sayar da wanda ya sani ya yi shiru.

Aku ya fi kowane tsuntsu shan wahala a hannunmu, kuma sonsa da muke yi ne ya jawo masa. Tun da Abubakar Imam ya fitar da Magana Jari Ce a 1937, da akun nan mai ba da labari wanda ya kai ga zama waziri, Bahaushe ya ɗauki aku a matsayin abokin hira. Basirar tasa gaskiya ce. Wani aku mai suna Alex, wanda Irene Pepperberg ta yi shekara talatin tana nazari a kansa a Amurka har ya mutu a 2007, yana bambance launuka da siffofi, yana ƙirga abubuwa kaɗan. To amma wannan basirar ita ce ke sa kaɗaici ya yi wa aku illa. Asalinsa tsuntsun kurmi ne, daga kudancin Nijeriya zuwa Kamaru da Kwango, inda yake kwana cikin garke, ya wuni yana tashi yana neman 'ya'yan itatuwa irin su kwakwar manja, cikin iska mai laima. A ɗauko wannan halitta a sa shi a kejin da bai isa ya buɗe fukafukai ba, a rataye a tsakar gida cikin bushewar hunturu, kowa ya tafi harkarsa, me ake so ya yi da bakinsa in ba fige kansa ba? Kuma aku na iya haura shekara arba'in a raye. Yaron da ya saye shi yana sakandare zai yi aure ya aurar, akun na nan.

Cizo kuwa kusan kullum tsoro ne. Tsuntsu abin farauta ne ga shaho da muzuru, don haka hannun da ya faɗo masa daga sama bai da maraba da farmaki a wurinsa. Kafin ya ciji mutum sai ya ja da baya, ya tayar da gashi, ya buɗe baki, sabon shiga ne dai bai san karatun ba. Ihun safe da na yamma ma ba iskanci ba ne, kiran 'yan uwa ne da ya gada daga daji, kuma idan duk lokacin da ya yi ihu aka rugo ana daka masa tsawa, ya koyi cewa ihu ne ke kawo masa mutane. Wasu tsofaffin hannu za su ce ai horo na aiki, a buga kejin ko a watsa masa ruwa ko a hana shi abinci zai yi laushi. Zai yi shiru kam, amma shirun firgita ne, kuma daga irinsa ake samun akun da ya daina magana ko ya koma cin jikinsa. Hanyar da ta fi inganci ba ta cin ko sisi. A ajiye kejin daidai fuskar mutum, jikin bango, a wurin da iyali ke zama. A bar shi ya saba da murya kafin a kai masa hannu, a riƙa miƙa masa abin da ya fi so ta tsakanin waya, a kula shi lokacin da ya natsu, a kau da kai lokacin da yake ihu. A ba shi reshe ɗanye ya gwagwiya, a yayyafa masa ruwan wanka, a bar shi ya samu duhu da shiru na kimanin awa goma da dare.

Sau da yawa ma ba hali ba ne, ciwo ne. Gyaɗa zalla ba abinci ba ce, mai ya yi mata yawa, wadda ta yi fumfuna kuma tana lalata hanta da huhu. Aku yana buƙatar hatsi iri-iri da ganye da karas da gwanda, da hasken rana na safe. Goro da shayi da cakulan da fiya duk guba ne a gare shi, ko da cikin wasa aka ba shi. Numfashin tsuntsu ya fi namu saurin ɗaukar hayaƙi, saboda haka turaren wuta da maganin sauro na kunnawa da hayaƙin gawayi da na janareta, waɗanda a cunkoson gidajen cikin birni ba su da mafita, suna iya kashe kanari a dare ɗaya. Haka zafin Afrilu, da kan haura digiri 40, ƙarƙashin rufin kwano. Tsuntsun da ya takure, ya daina ci, ko ya fara fige kansa, asibitin dabbobi ya kamata a nufa da shi, kamar na Gwale, ba a ɗura masa ragowar maganin mutane ba.

Batun tattabaru ya fi sauƙi. Babbar tattabara tana komawa gidan da ta sani, haka aka halicce ta. Wanda ya saki sababbi kafin su saba ko su yi ƙwai kada ya zargi maƙwabcinsa da jan su. Ya fara da 'yan shila, ya tsare ɗakinsu daga gafiya da mage, ya keɓe duk sabuwar da ya kawo na 'yan makonni kafin ya haɗa. Murar tsuntsaye ta 2006, wadda aka fara tabbatarwa a jihar Kaduna ta kuma yi ɓarna a gonakin Kano, ta isa darasi kan cakuɗa tsuntsaye.

Na san za a ce, ana fama da abin da za a ci, wa ke ta walwalar tsuntsu? Amsar ita ce babu wanda aka tilasta wa saye. Musulunci bai hana ajiye tsuntsu ba, domin ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa ƙanin Anas ɗan Malik yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, kuma Manzon Allah (SAW) ya tambaye shi labarinsa cikin lallashi. Amma a littattafan nan biyu ne kuma aka ruwaito matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Wanda ya kulle keji ya ɗaukar wa kansa ci da sha da lafiyar abin da ke ciki, mai kuɗi ne shi ko talaka.

A nan nauyin 'yan kasuwa ya shigo. A taron yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji, na 2016 a Afirka ta Kudu aka hana cinikin akun daji tsakanin ƙasashe, saboda kamun da ake yi masa ya sa yana neman ƙarewa, kuma da yawa suna mutuwa a hanya kafin su ga kasuwa. Wanda ya tsira yakan iso a firgice, shi ne kuma wanda ba ya sabo. Gaskiya ne sana'a ce da wasu ke ci da iyali, amma sana'ar da ta dogara da kamun daji tana cinye jarinta ne, alhali kanari da tattabaru da ƙananan tsuntsayen ado suna hayayyafa a gida, kuma su suka dace da mai koyo. Birnin da ya riƙe Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya san cewa ciniki ba ya ɗorewa sai da amana. Ina kira ga masu sayar da tsuntsaye da ƙungiyoyinsu da su mayar da shi ƙa'ida, kada tsuntsu ya bar hannunsu sai sun gaya wa mai saye abincinsa da girman kejinsa da yawan shekarunsa, su kuma yarda a dawo da shi idan riƙo ya gagara. Ku kuma da kuka daɗe a harkar, idan yaron unguwa ya zo da tambaya, ku bi shi gida ku ga inda ya rataye kejin.