Kafin Ka Yabi Stockholm, Je Ka Ga Abin Da Ta Rushe

Duk wanda ya je yawon buɗe ido Stockholm, babban birnin Suwidin, Gamla Stan ake fara kai shi, wato tsohon gari. Zai ga fadar sarki da cocin Storkyrkan, ya ratsa lungun Mårten Trotzig wanda faɗinsa bai wuce santimita 90 ba a inda ya fi matsewa, sannan ya dawo gida yana cewa girmama kayan kakanni a jinin Turawa yake, mu ne ba mu san darajar namu ba. Wannan magana ta ishe ni, domin rabinta ƙarya ce.

Da baƙon zai ƙetare gada ya yi 'yar tafiya arewa, da ya iske dandalin Sergels Torg, inda babu komai sai siminti da gilashi. A nan tsohuwar unguwar Klara take a da, matattarar gidajen jaridu da marubuta da ƙananan masu sana'a. Ba bam ne ya ci ta ba, don Suwidin ba ta shiga yaƙin duniya na biyu ba. Mahukuntan birnin ne da kansu suka rushe gine-gine sama da 700 a tsakiyar gari, daga shekarun 1950 zuwa na 1970, suka kafa dogayen benaye biyar na Hötorget da bankuna da wuraren ajiye motoci. A 1961, lokacin da ake murnar tsamo jirgin ruwan Vasa wanda ya nutse tun 1628, katafila tana cikin cin gidajen da suka shekara ɗaruruwa.

Masu rusau suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Gidaje da yawa sun lalace, jirgin ƙarƙashin ƙasa yana neman hanya, motoci sun yi yawa. Amma Gamla Stan ma ta taɓa zama unguwar talakawa mai danshi da duhu, har aka sha kawo shawarar rushe ta. Gyara ta aka yi, ga shi yau da ita birnin yake tinƙaho. Me ya hana a yi wa Klara haka?

Abin da ya karya lagon rusau shi ne taurin kan jama'a. A watan Mayun 1971 aka zo sare itatuwa 13 a lambun Kungsträdgården don gina ƙofar tashar jirgi. Mutane suka hau itatuwan, suka yi arangama da 'yan sanda, dole aka sauya wa ƙofar wuri.

Saboda haka mu daina fakewa da cewa hali ne. Mu da muke kallon ganuwar Kano tana zaizayewa, gine-gine suna cin ta, ba jinin Bature muka rasa ba. Mutanen Stockholm sai da suka yi asarar unguwa guda kafin su tashi tsaye. Mu sai mun rasa me?